Jirgin Tsohon Kafinta

Tsohon kafintan ya fi shekara yana sassaƙa wani ɗan ƙaramin jirgin sama mai rimot a ɗakinsa na baya, kwafin wani mai farfela ɗaya da ya taɓa gani yana saurayi. Har kujerar matuƙi ya yi masa, da 'yar ƙofa mai buɗewa. Tuƙin ne ya gagare shi, don hannunsa ya fara rawa, ko shayi ba ya yarda a cika masa kofi. Sai ya kira mijin 'yarsa, mai gyaran waya, wanda abokai ke ce wa Kyaftin saboda cika baki a kan jirage masu rimot.

Kyaftin ya iya, ba a hana shi, sai dai bakinsa ya fi hannunsa gudu. Ana gobe za a tashi jirgin ya karɓi rimot yana ta danne-danne a saiti, a nan ya juya umarnin 'yan marafan bakin fikafikai, masu karkata jirgi dama ko hagu, bai lura ba.

Da safe maƙwabta suka taru a filin ƙwallo. Tsohon ya ɗora jirgin a kan yatsu biyu, ya ga hancin ya ɗan sunkuya yadda ake so, ya ɗaure batir. Saura gwajin marafan. Duk mai wannan harka ya san a bayan wutsiya ake tsayawa, don damanka ya zama daman jirgi. To amma can masu ɗaukar bidiyo suka jeru, Kyaftin kuwa ba zai yarda a ɗauki ƙeyarsa ba. Ya zagaya gaban hanci, ya gyara tsayuwa, ya tura sandar rimot dama. Marfin da ke damansa ya ɗaga, ya ce komai daidai.

Jirgin ya sheƙa a kan ciyawa ya ɗaga, gwanin sha'awa. Iska ta ɗan kwantar da shi hagu. Kyaftin ya tura dama, jirgin ya ƙara kwanciya hagu. Ya ƙara turawa, sai ga cikin jirgi a sama. Kafin hancin ya caki ƙasa Kyaftin ya riga ya gane abin da ya yi.

Tsohon ya durƙusa yana tsintar guntayen katako, yana cewa tabbas shi ya haɗa wayoyin a juye, kwanan nan hannu da ido duk sun daina yi masa biyayya. Maƙwabta suka ce ai Kyaftin ya yi iya ƙoƙarinsa, wani har da dafa masa kafaɗa. Kunya ta rufe shi, ya rasa inda zai sa idonsa. Maganar ta zo masa har baki, ya dubi wayoyin da ke ɗauka, ya haɗiye ta.

"Sai haƙuri, Baba," ya ce.

Da yamma yana zaune yana shirya yadda zai faɗa wa tsohon gaskiya gobe, ko jibi idan ƙura ta lafa, sai matarsa ta dawo daga gidansu rungume da akwatin katako. Kayan aikin mahaifinta ne, wuƙaƙen sassaƙa da 'yan zartuna da matsi, kowanne an goge shi an naɗe a tsumma.

"Baba ya ce ka riƙe," ta ce. "Wai shi ya gama, kada ya sake ba ka kunya a gaban mutane. Har ya kulle ɗakin."

Ta tsaya tana jiran ya karɓa, don akwatin da nauyi. Ya miƙa hannu ya karɓa.