Muryar Koriya

"Sake murzawa," in ji Dogo bakanike daga ƙarƙashin bonet.

Tela ya sake murza makulli. Injin ya yi gurnani, ya juya, ya ƙara juyawa kamar tsohon da ake tashi daga barci yana cewa a ƙyale shi, sannan ya yi shiru. Warin fetur ya cika rumfar. Tela bai kalli Dogo ba. Tagar ɗakin Baba Direba ya kalla, wadda Inna ta buɗe tun da safe, ta naɗe labulen don mara lafiyan ya ji.

Abin da ake nema ke nan, ya ji. Da likita ya ja Inna gefe ya ce a kai mijinta gida ya huta cikin iyalinsa, ba wanda bai fahimci abin da ake nufi ba. Ranar da aka dawo da shi, maganarsa tana fita tukuna, ya riƙe hannun Tela a ƙofar gida ya ce, "Ina so in ji muryar Koriya." Tela kuwa, da saurin bakinsa, ya ce an gama. Ba a jima ba ciwon ya sake bugun tsohon, magana ta ɗauke, ba abin da ya rage masa sai ido da hannun dama.

Koriya mota ce, irin ta da, mai dogon hanci da zagayayyun fitilu, mai bamba ta ƙarfe da mutum zai iya gyara hularsa a jikinta. Ita Baba ya tuƙa wa manajan wani kamfani tun yana saurayi. Kamfanin ya rushe, motar ta yi ta yawo hannu zuwa hannu, har wata rana ya ci karo da ita a bayan wani gida, kaji suna ƙwai a kujerar baya. Inna ta ce ranar da aka jawo ta da igiya, shi kaɗai ne a layin yake murmushi. Daga nan ya duƙufa. Aka yi walda, aka kankare tsatsa, aka mayar mata da koren fentinta. Abin da ke ɓoye bai ƙi a sabunta ba: ya canza wayoyin wuta kaf, ya sa birki na zamani, ya cire tsohon dainamo. Amma duk abin da ido zai gani ko kunne zai ji, sai dai na asali.

Shagon Tela yana kallon gidan. Auna kujeru aka kira shi ya yi, a yi musu sabuwar riga, ya shigo da tef a wuya, kuma bai ƙara fita daga harkar ba. Shi ne mai miƙo sifana, shi ne mai riƙe fitila, shi ne mai shan faɗa. Matarsa takan ce da ta san motar banza za ta ɗauke mata miji, da direba ta aura tun farko ta huta.

Kafireto, wato abin da ke haɗa mai da iska ya ba injin, shi ne ya fi ba su wahala. Nata ya tsage, kuma irinsa ya ɓace a kasuwa. Tela ya bi filayen masu fasa tsofaffin motoci ɗaya bayan ɗaya, da tsagaggen a leda yana nunawa, ana yi masa dariya. A ƙarshe a kan rufin wani shago ya hango shi, an danne kwano da shi don kada iska ta ɗaga. Mai shagon ya ce, "Ɗauka, amma ka samo min dutse ka ɗora a wurin." Tela ya hau tsani da dutse a kafaɗa, yana dariya shi kaɗai. Ya dawo da shi a ranar da aka kwantar da Baba a asibiti.

Yanzu ga kafireto an wanke an ɗaura, ga sabon batir, ga mai, amma Koriya ta ƙi magana.

Dogo ya fito da kansa daga ƙarƙashin bonet, ya goge hannu a wando. Yaro ne mai hannu, amma a kan motocin zamani ya koyi aiki, waɗanda ake jona wa na'ura su faɗi ciwonsu da kansu.

"Mai yana zuwa," ya ce. "Wuta ce ba ta isa fulogi. Sai an buɗe dilko."

"A'a."

"To ta ina zan duba?"

"Duba ko'ina, ban da nan."

Dilko shi ne mai raba wa fulogai wuta, kuma na Koriya yana ɗaure da wani jan ƙyalle. Baba ne ya saita shi da hannunsa, ya ɗaure, ya nuna Tela da sukudireba ya ce, "Ko gidan nan na ci da wuta, kada ka taɓa min wannan." A unguwar nan ba a tsallake maganar Baba a kan mota. Shi ya sa suka yi ta kewaya dilkon kamar masu kewaya rijiya. Suka canza fulogai, suka canza koyil, suka bi wayoyi ɗaya ɗaya, har na hon da ba ruwansu da zancen.

Duk lokacin da aka gwada aka kasa, Tela yakan wanke hannu a famfon tsakar gida ya shiga ɗakin. Ɗaki ne ƙarami: gadon ƙarfe, rediyo a kan kwaba, kwalaben magani a faranti, tsohuwar hular direba a jikin ƙusa. Baba yana kwance cikin rigarsa mai ruwan ƙasa, mai aljihu da maɓalli, wadda ya ƙi yarda a cire masa sai dai a wanke a mayar.

"Baba, sannu da jiki. Saura kaɗan, yau ko gobe."

Sai tsohon ya zuba masa ido, ya ɗaga hannun dama da ƙyar, ya bugi ƙirjinsa ta hagu. Ya sake bugawa.

"Inna, ƙirjin ne kuma," Tela yakan ce, zuciyarsa ta karye.

Inna ta taso da ruwa da ƙwaya, ta gyara matashi, ta yi masa sannu. Baba kuwa sai ya runtse ido ya juya fuska bango. Tela yakan fito da kunya kamar ya nutse, don a ganinsa ciwon rashin cika alkawarinsa ne ke cin tsohon.

Ranar da Baba ya ƙi karɓar ko ruwa, Tela ya fito rumfar. Ya tsaya a kan dilkon, ya ce, "Allah ya ba ka haƙuri, Baba," ya kwance jan ƙyallen da hannunsa. Dogo ya ɓalle murfin. Suka leƙa tare.

"Kai!" in ji Dogo. "Ai babu rota."

"Babu me?"

"Ɗan abin da ke juyawa a tsakiya, ya miƙa wa kowane fulogi wutarsa. Ga sandarsa nan tsirara. Ko shekara muka yi muna murza makulli ba za ta tashi ba."

Tela ya zauna a kan taya. Ya tuna yawon da ya sha kafin ya sami kafireto, abu mai girman tulu ma ke nan, balle ɗan wannan. Duk da haka ya hau babur ya tafi. Masu fasa motoci suka juye masa bokitai na tarkace, ya tona har yatsunsa suka yi baƙi, ba wanda ya dace. Mai shagon nan na rufin kwano ya ce rabonsa da ganin irinsa tun yana da gashi a ka. Da ya dawo, Dogo ya ce akwai dilkon zamani da ake sa wa tsofaffin motoci, amma sai an yi oda an jira.

"Jira?" Tela ya ce, ya kalli tagar. Dogo ya sunkuyar da kai.

Da la'asar ya shiga ɗakin, ya durƙusa a bakin gado. Ya gaji da cewa saura kaɗan.

"Baba, na yi maka laifi, na buɗe dilko. Babu rota a ciki. Na nema ko'ina ban samu ba. Ba zan iya tayar da ita ba, ka yafe min."

Idon tsohon ya buɗe tar. Hannun ya taso, ya bugi ƙirji, ya bugi ƙirji, da ƙarfin da ba su san yana da saura ba.

Inna ta miƙa hannu za ta ɗauko faranti, sai ta tsaya. "Ɗan nan, wane iri ne abin?"

"Ɗan baƙi ne, Inna, bai kai babban yatsa ba, da jan ƙarfe a kansa."

"La'ilaha illallahu." Ta dafe haɓa. "Ɗan baƙin nan na aljihu?"

Ta sunkuya ta ɓalle maɓallin aljihun rigar, ta zaro shi a naɗe cikin tsumma.

"Tun ina amarya nake cire irin wannan abu ranar wanki in mayar," ta ce. "Direbobin da haka suke. In sun ajiye mota sai su zare shi su sa a aljihu, ɓarawo ya zo ya yi ta murza makulli har ya gaji. Ranar da aka jawo ta ma, da ko batir ba ta da shi, sai da ya cire. Ni ina na san shi kuke nema?" Ta juya ga mijinta, dariya da hawaye suna zuwa mata tare. "Malam, ashe aljihu kake nuna mana, mu kuma muna ta ɗura maka ƙwaya."

Gefen bakin Baba mai motsi ya ɗan ɗaga. Ya kalli Tela irin kallon da yakan yi masa in ya miƙo sifana mai lamba goma a maimakon sha biyu.

Tela ya fita da gudu har yana tuntuɓe da bokiti. Dogo ya zura rotar a kan sandarta, ta zauna daram, ya mayar da murfi. Tela ya yi bismillah ya murza.

Koriya ta yi tari sau ɗaya, ta yi atishawa ta salansa, sannan ta kama. Murya ce mai kauri, mai nauyi, wadda ta sa kwanon rumfar rawa. Hayaƙi ya turnuƙe tsakar gida. Maƙwabta suka fara leƙowa ta ƙofa, matar Tela har da ludayi a hannu.

"Ɗan nan!" Inna ta kira ta taga. "Yana juya yatsa. Ina jin cewa yake ta yi ƙara da yawa."

Tela ya ɗauki sukudireba ya kama ɗan sukurun kafireto, yana sassautawa a hankali, idonsa a kan taga.

"Ya ce ka ƙara," in ji Inna.

Ya ƙara. Ƙarar ta sauko, ta kwanta, ta koma wani lallausan bugu mai tafiya daidai.

"Ya sauke hannu," in ji Inna.

Suka bar ta tana aiki. Tela ya koma ciki ya zauna a ƙasa. Baba ya rufe ido, amma yatsansa yana buga gefen katifa, yana bin injin. Haka suka zauna har rana ta sauka daga kan katanga.

Washegari da hantsi Baba ya cika, Inna tana riƙe da hannunsa. Allah ya jiƙansa. Tela ya yi kuka a bayan rumfa inda ba mai ganinsa, ko da yake Dogo ya gan shi ya yi kamar bai gani ba.

Bayan mutane sun ragu, Inna ta ce a fitar da motar ta sha iska. Tela ya zagaya layin da ita a giya ta ɗaya, ya dawo da ita rumfarta ya kashe. Har ya kai ƙofar gida sai ya tsaya, ya komo, ya ɗaga bonet, ya ɓalle murfin dilko ya zare rotar. Da sauran ɗuminta ya kai wa Inna.

Ta karɓa. Rigar mai ruwan ƙasa tana rataye a ƙusa, ƙarƙashin hular, an wanke an goge. Ta naɗe rotar a tsummanta, ta sa a aljihun, ta ɓalla maɓallin.