Ranar da Sukari Ya Ƙone

Wata biyar cur Uwar Kicin ba ta ji ƙamshin komai ba.

Ɗalibai ne suka raɗa mata wannan suna, a makarantar kwana inda ta yi shekara ashirin da shida tana shugabantar masu girki. Sunan ya bi ta har bayan ritaya, har mijinta ma da shi yake kiranta. A zamaninta ba ta taɓa duba agogo don sauke tukunya ba. Tana zaune can nesa tana tsintar wake, sai ta ɗaga kai ta ce, "Ku je ku sauke, ya yi." A je kuwa a tarar ya yi.

Sai ga wani zazzaɓi mai haɗe da mura ya kwantar da ita kwana tara. Zazzaɓi ya sauka, tari ya lafa, amma hanci ya tafi bai yi sallama ba. Albasa da sabulu duk suka zama ɗaya. Abinci ya koma gishiri-gishiri ko zaƙi-zaƙi, ban da wannan babu komai, kamar tana tauna soso. Likita ya ce yakan dawo, wani bayan wata uku, wani bayan shekara. Da ta tambaye shi ko akwai wanda nasa ba ya dawowa, sai ya shiga gyara takardun gabansa. Ya dai ce ta riƙa shaƙar abu huɗu safe da yamma: kirfa, kanumfari, ɓawon lemo da garin kofi. Ta yi wata biyu tana shaƙa, sannan ta tura kwalaben can bayan kabad, ba ta gaya wa kowa ba.

Abin da ya karya mata gwiwa shi ne wata safiya da ta murɗa gas, wuta ba ta kama ba, ita kuma ta juya ta hau wanke-wanke hankali kwance. Mijinta ne ya faɗo kicin da gudu, ya kashe, ya bankaɗe tagogi. Bai yi mata faɗa ba. Da ya yi faɗan ma da ya fi mata sauƙi. Tun daga ranar ba ta kunna wuta sai yana gida, gashi kuwa ta daina shi gaba ɗaya.

Mijin nata, Mai Agogo, ya yi shekara arba'in yana gyaran agogo a wani ɗan shago ƙarƙashin matakala. Yanzu ya rufe shagon, amma maƙwabta ba su bar shi ya huta ba, kullum akwai agogon wani a kwance cikin faranti a kan teburin cin abinci. Mutum ne wanda ko ƙwai zai dafa sai ya ɗauki lokaci.

Ranar Asabar autarsu ta zo da leda cike da tuffa da fakiti biyu na kwaɓaɓɓiyar fulawa ta kanti, irin mai bota a tsakanin shimfiɗu, wadda idan ta ji wuta take kumbura ta tashi hawa-hawa. Ta ce, "Mama, yara sun dame ni da maganar ninkin tuffa. Ki yi mana, za mu zo Asabar mai zuwa." Ninkin tuffa shi ne sunan da gidan suka ba abin tun yaran suna ƙanana: a yanka kwaɓin murabba'i, a zuba dafaffiyar tuffa a tsakiya, a ninke kusurwa bisa kusurwa, a gasa. Uwar Kicin ta ce to. Ta sa fulawar a firiza, ta juye tuffar a kwando, ba ta sake kallonsu ba.

Ranar Laraba da hantsi Mai Agogo ya ɗauki tuffa ɗaya, ya jujjuya ta a hannu.

"Uwar Kicin, waɗannan fa sun fara yamutsewa. Sun kusa kamo ni."

"Ka ci abinka."

"Da waɗanne haƙoran? Ni dai yau zan yi ninkin nan. Gwaji. Ke ki zauna ki ba da umarni, dama shi kika fi iyawa."

"Malam, kai da ko shayi sai ka tambayi inda cokali yake?"

"Wanda ya haɗa cikin agogo, fulawa ce za ta gagare shi?"

Ta so ta ƙi, amma ta ga har ya ɗaura zanin kicin ɗinta a ƙugu, ya yi masa ɗaurin da bai dace ba. Ta ja kujera ta zauna bakin ƙofa.

Fere tuffar ya ci masa kusan rabin awa, don sai da ya cire ɓawon kowace a zare ɗaya bai tsinke ba, yana ɗagawa yana nuna mata. Ta sa ya yanka ƙanana, ya zuba a kasko da ɗan bota, da sukari, da kirfa, da matsin lemon tsami. Tana kallon tururi yana tashi yana wucewa ta gaban fuskarta, ba ta jin komai sai ɗumi. Ta kawar da kai.

"Idan ta yi laushi ka sauke, ka baza a faranti ta huce sarai. In ka zuba da zafi botar cikin fulawar za ta narke, ba za ta tashi ba."

"Minti nawa?"

"Har sai ta huce."

"Ai wannan ba lokaci ba ne."

"Sa yatsa ka ji mana!"

Da aka zo yanka kwaɓin sai ya ɗauko rula. Ta ce masa ba kafinta aka kira ba, ya ce aikin da ba awo ai wasa ne. Murabba'ai shida suka fito daidai wa daida, ita kanta ta san ba ta taɓa yanka masu kyan waɗannan ba, amma ba ta faɗa ba. Wajen zubi ne suka saɓa.

"Cokali ɗaya da rabi ya isa."

"Haba, wannan ai rowa ce. Jikokina ne za su ci."

"Zai fashe."

"Zan danne bakin da kyau."

Ya tula cokali uku-uku, ya ninke, ya bi gefen da cokali mai yatsu yana dannawa, ya shafa ruwan ƙwai a sama. Ta ga tuffar tana leƙowa ta kusurwa, ta buɗe baki za ta yi magana, sai ta ji ba ta da ƙarfin gardama. Wa ma zai ji bambanci? Ita dai ba ita ba. Ta ce masa ya tura a obin, tandun gashi, minti ashirin da biyu, tunda lissafi yake so, ta tashi ta shige ɗaki ta tura ƙofa.

Wanki ne tule a kan gado. Ta zauna tana ninkewa, tana jin motsinsa a falo, ya ja kujera, ya koma kan agogon maƙwabci. Tunaninta ya tafi kan Asabar, yadda za ta zauna cikin jikoki tana cewa "ya yi daɗi" alhali ba ta sani ba. Ta ninke riga, ta ninke zani, ta ɗauko tawul.

"Malam!" ta ɗaga murya, ko kai ba ta ɗaga ba. "Sukari na ƙonewa!"

"Saura minti tara!" ya amsa daga falo.

"Na ce maka ya zubo yana ƙonewa a ƙasan obin, kai kana maganar…"

Ta tsaya cak. Tawul ɗin yana hannunta, ninki ɗaya. Ta dubi ƙofa, a rufe take. Babu hayaƙi a ɗakin. Ta ja numfashi a hankali, kamar mai tsoron kada ta farkar da jariri. Yana nan. Ƙauri ne, mai ɗaci, siriri, can ƙasan hanci, da ɗan zaƙi-zaƙi a bayansa.

Sai ta ji kujera ta faɗi a falo.

Suka yi kiciɓis a bakin kicin. Gilashin gyaran agogo yana maƙale a idonsa ɗaya, ya manta bai cire ba.

"Me kika ce?"

"Sukari na ƙonewa."

"Gani kika yi?"

"Ina ɗaki fa, Malam."

Ya buɗe obin, hayaƙi ya turnuƙe su. Huɗu daga cikin shida sun fashe, ruwan tuffar ya gangaro ta bakin tire ya ɗiga ƙasa, ya zama baƙi yana tafarfasa. Ya kashe wuta, ya miƙa hannu zai buɗe taga.

"Kar ka buɗe."

"Za ki shaƙe."

"Bar ni in shaƙe. Don Allah bar shi kaɗan."

Ta tsaya tsakiyar kicin, ido rufe, tana jan hayaƙin nan da mai hankali zai gudu ya bari. Ta yi tari, ta sake ja. Hawaye suka zubo, ta ce hayaƙi ne. Shi ma ya cire gilashin ya goge ido da gefen zanin da ya ɗaura, ya ce lallai hayaƙin nan da yaji yake.

"Alhamdu lillahi," ta ce. Ta sake faɗa, sannan ta zauna a kujerar bakin ƙofa. Wani nauyi da ta daɗe tana ɗauke da shi a ƙirji, wanda ta saba da shi har ta ɗauka jikinta ne, ta ji ya sauka.

Mai Agogo kuwa ya rikice. Ya buɗe kabad yana lalube, ya zaro kwalaben nan huɗu daga can baya inda ta tura su.

"Ashe ka san inda suke."

"Gidan nan akwai abin da zai ɓace mini? Shiru kawai na yi. Rufe ido."

Ya kanga mata ta farko. Ta ce, "Kanumfari." Ya buga cinya. Ta biyu ta daɗe tana ja kafin ta ce, "Kirfa, amma kamar daga gidan maƙwabta." Ɓawon lemo ba ta ji komai ba. Kofi kuwa ta ture hannunsa, ta ce wari yake kamar an ƙona roba. Fuskarsa ta ɗan sauya, sai ita ta koma mai lallashi.

"Biyu cikin huɗu, Malam. Jiya fa babu ko ɗaya. Da babu gara ba daɗi."

Ta miƙe ta kwance zanin daga ƙugunsa ta ɗaura a nata. Ta sa shi ya kankare ƙasan obin da zarar ya huce, tunda shi ya yi ɓarnar, ya durƙusa yana kankara yana cewa ɓarnar da ta fi gyara. Ita kuma ta fito da fakiti na biyu. Hannunta bai manta komai ba. Ta barbaɗa gari, ta shimfiɗa kwaɓin tun yana da sanyi, ta yanka da ido, murabba'an suka fito wani ya ɗan fi wani. Cokali ɗaya da rabi. Ta shafa ruwa a gefe, ta ninke, ta danne, ta tsaga kowanne sau biyu a sama don tururi ya sami hanyar fita. Ta mayar da tiren firij na ɗan lokaci kafin ta shafa ƙwai, ta yayyafa sukari, ta tura a obin.

Ba wanda ya bar kicin a wannan karon. Suka zauna suna leƙe ta gilashin ƙofar obin kamar masu kallon talabijin. Kwaɓin ya fara ɗagawa, gefunan suka buɗe hawa-hawa, fari ya koma ruwan zuma. A hankali wani abu mai laushi ya fara zuwar mata, bota ce da tuffa, yana zuwa yana ɓacewa.

"Ya yi," ta ce.

Ya dubi agogon hannunsa. "Saura huɗu."

"Na ce ya yi."

Ta buɗe, ta ɗaga ɗaya da cokali ta leƙa ƙasansa. Fari ne, bai gasu ba. Ta mayar ta rufe. Shi kuma ya kafa wa silin ido, kafaɗunsa suna rawa.

"Yi dariyarka ka huta."

"Ni? Ni na isa in yi wa Uwar Kicin dariya?"

Bayan minti huɗu suka fito jajir, a kumbure, ko ɗaya bai fashe ba. Ba ta iya jira sun huce ba. Ta gutsura, ɓawon ya ruguje mata a haɓa da gaban riga, tuffar ta ƙona mata harshe. Ɗanɗanon bai cika ba, kamar rediyon da bai kama tasha sosai ba, amma ta ji tsamin tuffa daban, ta ji kirfa daban. Ta cinye ɗaya, ta ɗauki na biyu. Rabon da ta ƙara abinci tun kafin zazzaɓin.

Ta kira Auta tana tauna. Yarinyar ta yi ihu har sai da ta janye wayar daga kunne, sannan ta fashe da kuka, sannan ta ce za ta kira yayyenta yanzu-yanzu. Uwar ta ce ta bi a hankali, abin bai gama dawowa ba, gobe za su koma wurin likita su ji. Ta ƙara da cewa ta taho da fulawa fakiti biyu ranar Asabar, don babanta ya yi wa ɗaya aika-aika.

Mai Agogo ya zaɓi wanda ya fi ƙonewa cikin nasa, ya kankare baƙin da wuƙa, ya zauna kusa da ita yana ci yana yaba wa kansa. Ta juyo za ta ba shi amsa, sai ta tsaya. Ta matso, ta ja hanci sau biyu kusa da kansa.

"Malam, hular nan yaushe rabonta da wanki?"

Ya dafe hular da hannu biyu. "Wata biyar ina zaune lafiya."

"Ciro ta."

Ya ciro ya miƙa mata, ta riƙe ta da yatsa biyu, nesa da fuska, ta nufi wurin bokiti.