Addu'a Ba Ta Shiga Kwandon Shara

Tun ranar da Bisola ta haihu a Ingila, abin da mahaifiyarta Hajiya Mulikat ta gani na jikarta a waya bai wuce wani hoto dusu-dusu mai ruwan ƙasa ba, da 'yar kibiya a tsakiyarsa. In ta danna kibiyar, wani zobe ya yi ta juyawa har ya gaji, sai wayar ta rubuto Turancin da Hajiya ta riga ta haddace siffarsa ko da ba ta karanta shi: wuri ya cika. An gwada kiran bidiyo, Watsap ɗin ya rufe kansa. Ta sayi data, ta ƙara saye, ta kashe wayar ta kunna, har tofi ta yi mata. Shiru kake ji, wai malam ya ci shirwa.

Ga shi yau suna. A zuriyarsu, tun kakannin da suka taso daga Ogbomosho suka kafa gida a Fagge, jariri ba ya tashi da suna ɗaya. Uba ya ba da nasa, kakanni kowa ya kawo nasa, Alfa, wato malaminsu na Yarbawa, ya jero su a gaban jama'a. Bizar Hajiya ba ta fito ba, don haka Bisola ta bugo da sassafe ta layin waya.

"Mama, Alfa zai zo da an sauko daga Juma'a. Ki turo sunan da muryarki, mu kunna kowa ya ji."

"Zan turo," in ji Hajiya, amma akwai matsala. Ba ta taɓa raɗa suna ga yaron da ba ta ga fuskarsa ba. A wurinta, mai sayar da atamfa, suna riga ne, sai an ga mai shi ake yankawa.

Mijinta, Alhaji Yekini, yana gefe yana shan koko. Shi wayarsa 'yar ƙarama ce mai tocila, kuma yana alfahari da ita kamar shi ya ƙera ta.

"Iya Bisola, ki ce su turo hoton ta wayar maƙwabta mana."

"Jikata ta kwana a wayar mutane kafin suna? Kowa ya buɗe ya ce kai, ji hanci, ji gashi? Alhaji, kamar ba ka san kambun baka ba."

"To ki goge furannin nan naki."

Nan fa ake yin ta. Hajiya tana cikin guruf ɗin 'yan atamfa, da na Islamiyya, da na 'yan Ogbomosho mazauna Kano, da na matan da suka hau jirgi ɗaya zuwa Makka. Kullum safiya sai an yi mata ruwan hotuna: fure da addu'a, masallaci da addu'a, kofin shayi da addu'a. Ranar Juma'a kuwa abin ba a magana. Shekara da shekaru ba ta taɓa goge ko ɗaya ba, kuma dalilinta a fili yake: maɓallin gogewa hoton kwandon shara ne. Matar da in ta ga guntun takarda mai rubutun Larabci a hanya sai ta duƙa ta ɗauka ta cusa a tsagar bango, ita ce za ta sa yatsanta ta jefa sunan Allah a kwandon shara? Duk wanda ta miƙa wa wayar a makon nan, da ya ce "sai an goge," take fizge kayarta. Mutane sun yi mata bayani har sun gaji, ba a samu wanda ya kayar da ita ba.

Ta yafa mayafi, ta tare adaidaita sahu sai Kasuwar Sabon Gari. Ko kallon shagonta ba ta yi ba, ta zarce layin masu gyaran waya, wurin Felicia. Ita Felicia a Sabon Gari aka haife ta, Hausa a bakinta kamar jakin Kano, kuma duk Kirsimeti a hannun Hajiya take sayen atamfa.

"Mama, lafiya da safen nan? Zauna, zauna."

Hajiya ta zauna a benci, ta zayyana mata komai, sannan ta riƙe wayar gam a ƙirji. "Amma da sharaɗi, 'yata. Ko addu'a ɗaya ba za ki zuba min a shara ba."

Felicia ba ta yi dariya ba, kuma wannan kaɗai ya saye zuciyar Hajiya. "Mama, tsohuwata ma haka take da ayoyinta na coci. Kawo mu gani tukuna."

Ta shiga setin wayar, ta buɗe wani dogon layi mai launi-launi, ta juyo da shi. "Kin ga koren nan? Hotunanki ne, ba zan taɓa ba. To kin ga wannan mai ruwan toka, da ya kusa kai shi tsawo? Wannan ba naki ba ne. Na wayar ne."

"Na wayar? Ita ma tana da kaya?"

"Sosai ma. Duk abin da kika buɗe, sai ta ajiye guntunsa wai don gobe, kash muke ce masa. Ga wata tsohuwar sabuntawa da ta sauke, ta gama amfani da ita ta bar ta kwance. Ga Watsap, kullum sai ya yi kwafin hirarrakinki ya ajiye, na jiya da na shekaranjiya duk suna nan. Kamar shagonki ne, Mama, an sayar da turame an bar ledoji da kwalaye sun cika ɗaki."

Hajiya ta riƙe haɓa. Haushi ya kama ta, haushi na gaske. Mako guda ana ɗora wa addu'o'inta laifi, ashe 'yar haya ce ta cika gidan da komatsanta! Wayar da take ciyarwa da caji da data ba fashi?

"Butulu," ta ce wa wayar. Sannan ta dubi Felicia. "Amma sai na ga kowanne da idona kafin ki zubar."

Haka kuwa aka yi, kuma aikin minti kaɗan ya koma shari'a. Felicia ta buɗe, Hajiya ta matso da tabarau.

"Wannan wane ne?"

"Lambobi ne kawai, Mama."

"Babu sunan Allah? Babu na Annabi?"

"Babu sunan kowa."

"Zuba shi."

Da tafiya ta yi nisa, abin ya fara yi wa Hajiya daɗi, har tana riga Felicia yanke hukunci. Ta nuna wani ƙato ta ce wannan ma a zuba shi, ai da gani ba shi da gaskiya. Felicia ta janye wayar da sauri.

"A'a, Mama, wannan ginshiƙi ne. In na taɓa shi wayar ba za ta ƙara tashi ba."

"To a bar shi, amma ya shiga taitayinsa."

Ruwan tokan ya ja baya, fili ya buɗe. Felicia ta kashe wayar ta kunna, ta buɗe data. Su biyun duka sun manta wace rana ce.

Wayar ta ɗauki kiɗa: tin, tin, tin-tin-tin. Barka da Juma'ar 'yan atamfa, Barka da Juma'ar Islamiyya, ta 'yan Ogbomosho, ta matan jirgi, har da na makon jiya da suka rasa ƙofar shiga, duk suka danno lokaci guda suna sauke kansu. Filin da aka sha wuya aka share ya fara cikewa a kan idonsu.

"Wayyo, Mama, za su cinye wurin!" Felicia ta datse data, ta shiga setin Watsap ta hana hotuna sauka da kansu.

Hajiya ta miƙe tsaye. "Me kika yi? Kin hana addu'a shigowa wayata?"

"Ban kore su ba, wallahi. Suna bakin ƙofa suna jira. Wadda kika danna ita za ta shigo. Amma in kika bar su a haka, babu inda jaririyar za ta zauna."

Hajiya ta dubi waje. A cikin layin an fara jan ƙofofin shaguna, maza na saɓa darduma za su masallaci. Ta tuna yadda ake yi a ƙofar gidan suna, kowa ya matsa a ba mai jego hanya, kuma ba a taɓa cewa an wulaƙanta baƙo don haka ba. Ta koma ta zauna.

"To su yi haƙuri. Ai manya ne. A bar yarinya ta fara shiga."

Felicia ta mayar da data, ta miƙa mata wayar, ta kau da kai tana gyara kayan aikinta a tebur. Hajiya ta yi bismillah ta danna kibiyar. Zoben ya juya sau ɗaya, dusu-dusun ya washe.

'Yar mitsitsiya ce cikin farin tawul, ta dunƙule hannu a gefen kunne, ta haɗe gira ta turo baki kamar wadda aka yi wa tayin wulaƙanci a kan atamfa mai tsada. A ƙasa akwai bidiyo, shi ma ya sauka: ta yi hamma, ta buɗe ido ɗaya ta duba duniya, ba ta ga abin burgewa ba ta mayar ta rufe. Hajiya ta fashe da dariya, dariyar ta juye kuka, ta rasa wanne za ta tsayar. Farin ciki ya cika ta har tana jin nauyinsa a ƙirji. Duk makon nan tana ta juya wani dogon suna mai maganar haƙuri da jira. Da ganin fuskar nan ta san bai dace da ita ba ko kaɗan.

Ta danne maɓallin murya. Na farko shessheƙa ce zalla, kuma kafin ta ankara ya tafi Ingila. Ta share fuska da gefen mayafi, ta gyara zama, ta sake dannawa. Ta yi salati, ta yi wa mai jego addu'a, sannan ta ce da Yarabanci da Hausa, don kowa ya ji: sunanta Ayomide, farin cikina ya iso.

Da rana tana shagonta tana warware wa wata mata turmi, sai saƙon Bisola ya shigo. Ɗaki ne a can Ingila, cike da muryoyi. Ta ji Alfa yana jero sunaye, sannan ya ce a yi shiru, ga na kaka daga Kano. Sai ta ji muryarta da kanta ta cika ɗakin, a bayanta ga ƙarar janareta, ga wani ɗan dako yana ihu, "Hanya! Hanya!" Mutanen ɗakin suka kwashe da dariya. Da ta faɗi sunan kuma suka amsa da amin gaba ɗaya, Bisola na kuka tana maimaita shi.

Matar da ke ciniki ta ce, "Hajiya, lafiya?"

"Lafiya lau," in ji Hajiya Mulikat, tana goge ido. "Daga gidan suna nake."