Awon Ƙugu

Ni tela ne, amma tsoron allura nake ji. Ta ɗinki ba ta dame ni ba, ta soke ni ya fi a ƙirga. Ta asibiti nake nufi. Shi ya sa da likita ta ce a ɗebi jinina, na ce zan dawo in na rage aiki, na kuwa shiga karɓar ɗinki kamar ni kaɗai ne tela a duniya.

Ciwon yayana ne ya kai ni gabanta. Ya fara da ciwon baya, abinci ya fita ransa, sai farin idonsa ya koma rawaya. Ni na riga likitoci ganewa, don ni ke rage masa ƙugun wando. Na rage na farko, na rage na biyu, a na uku na juya masa baya ina neman almakashin da ke hannuna. Haka na yi wa mahaifinmu shekarun baya. Sankara ce a wata 'yar tsoka da ke ɓoye bayan tumbi, wai ita fankiriyas. Ban san ina da ita ba sai ranar da aka ce tana iya kashe ni.

Kafin Yaya ya rasu an gwada jininsa, aka ga wata tawaya a ƙwayar halittarsa, irin wadda ake gada.

"Duk ɗan mai ita, ko ya ɗauka ko bai ɗauka ba, rabi da rabi ne," in ji likitar. "In kana da ita ba lallai ka yi ciwon ba, amma za mu riƙa duba ka da wuri. 'Ya'yanka ma sai a gwada su."

"Likita, Baba ko fili bai bar mana ba. Ashe dai akwai gadon."

Ba ta yi dariya ba. "Ban da mahaifinka da yayanka, akwai wani a dangi da ya yi irinsa?"

"Babu," na ce.

Daga nan tef ɗin awo ya zama abokin gabata. Kullum da safe kafin in buɗe shago sai na zagaya shi a ƙuguna. Madubin da masu kaya ke gwada riga a gabansa, ni farin idona nake dubawa a ciki. In 'yar autata ta dawo daga makaranta ta baje littattafanta a teburin yanka, sai in ce ta kalle ni, wai akwai abu a girarta. Babu komai a girar. Idonta nake leƙawa.

"Malam, ka rame," in ji matata wata rana. "Ko da Baffa ya rasu ba ka zube haka ba." Baffa take kiran mahaifina.

"Na rame kika ce? Ta ina? Ta ƙugu?"

"Tsoro ne ke cin ka, ba ciwo ba. Gobe ƙafata ƙafarka."

Haka aka yi. Nas ɗin ta ɗaure mini dantse ta ce, "Baba, saki hannun mana, ba yanke shi zan yi ba." Na kawar da kai ina karanta hoton wanke hannu da ke bango kamar zan yi jarrabawa a kansa.

Bayan 'yan makonni na koma ni kaɗai.

"Ba ka da ita," in ji likitar. "Abin da ba ka da shi kuwa ba za ka ba 'ya'yanka ba."

Na sa ta maimaita. A hanya na sayi nama da lemo, har mai gadin asibiti sai da na yi wa addu'a.

Na tarar da matata a tsakar gida tana ninke wanki. Na zauna na yi mata bayani dalla-dalla, sai ka ce ni na ƙirƙiro gwajin: Baba na da ita, Yaya ya ɗauka, ni ta tsallake ni, yaranmu sun tsira.

Ta ajiye rigar da ke hannunta. "Shi Baffa a ina ya samo?"

"Wurin iyayensa mana, ɗaya daga cikinsu."

"Ka gaya wa likita maganar babana?"

"Dangi ta tambaya, ba surukai ba."

Sai da maganar ta fita na ji ta da kunnena. Tun ranar ɗaurin aurenmu na daina zama kusa da mutumin nan. Durƙusawa nake in gaishe shi, ba na cin abinci a gabansa, ba na ambaton sunansa. Kunya ta cire shi daga dangina ta mayar da shi suruki, ni kuma na bar shi a can.

"Da aka ce ciwon shawara ne ke damun sa, ya ƙi zuwa asibiti har ya rasu," ta ce a hankali, "wa ya riƙa rage masa wando?"

Ni ne. Shi ma a na uku na juya baya.

Auta ta fito da kofuna tana tambayar lemon na murnar me ne. 

Mahaifin matata ƙanin mahaifina ne, uwa ɗaya uba ɗaya.