Takardar Barmo Gajere

Duk Gangara an san hannun Ila a kan allura. Shekara goma sha ɗaya yana gidan likita. Don shara da dafa allurai aka ɗauke shi, sannu a hankali ya zama shi ke wanke gyambo, shi ke nemo jijiya in ta ɓace wa majo, shugaban gidan. Majo uku suka zo suka wuce, kowanne da ya shekara biyu sai ya fara roƙon a mai da shi kudu. Ila na nan, a takardar aiki lebura ne.

A shekarar 1983 Majo Amadu, mutumin Damagaram, ya kira shi ya ce za a yi konkur, jarrabawar shiga makarantar malaman jinya, mai satifika ta gama firamare kawai ake nema, kuma bana ce ta ƙarshe gare shi don shekarunsa sun kusa wuce iyaka. Ya ce in ya fito aiki na jiran sa, tunda ba mai son zama nan ƙasar Damargu. Ya ce masa ya hau mota ya je Tanut ya karɓo takardar haihuwa, kafin kwana ashirin.

Satifika kam Ila na da ita, a ƙasan akwati, naɗe cikin tsohon zanen matarsa. Sai dai Barmo Gajere ne a rubuce. Shekarar da aka zo ɗibar yara lakwal, wato makarantar boko, an ce wa maigari Gajere ya ba da ɗa guda. Ya ba da sunan ɗansa Barmo, ya tura Ila, marayan ƙaninsa. Barmo ya zauna wajen gero da raƙuma, Ila ya yi shekara shida yana amsa sunansa. Ba wanda ya ga abin magana a ciki, kusan rabin ajin da sunan aro suke zaune.

Ranar kasuwa ya isa Tanut. Ma'aikacin ofishin rajista ya buɗe babban littafi, ya bi da yatsa, ya tsaya.

"Malam, Barmo Gajere ai ya rasu."

Ila ya ce shi ne Barmon, na lakwal. Mutumin bai yi musu ba. Ya zaro wata ƴar takarda da ta yi ja don tsufa, ya juyo ta.

"To wa ya rubuta wannan?"

Ila ya dube ta. Ya san yadda yake lanƙwasa kan harafin farko.

"Ni ne."

A shekarar yunwa, 1974, sanƙarau ya shigo, mutane na kwance har gindin itacen bedi. Majo na lokacin ya gaji da rubutu, ya bar wa Ila takardun mutuwa, shi sai sa hannu. Aka kawo Barmo a kan jaki, ya kwana biyu ya cika. Ila ya rubuta sunan kamar yadda ya rubuta na sauran, tsoho Gajere ya kai takardar Tanut aka soke ɗansa daga katin iyali. Ko sau ɗaya Ila bai tuna da satifikar da ke akwatin ba.

Ma'aikacin ya ce takarda da sunan Ila abu ne mai sauƙi, shaidu biyu sun isa, amma a takarda Ila bai taɓa shiga lakwal ba. Hanya guda ta rage: uban ya tsaya gaban alƙali ya ce kuskure aka yi, Barmo na raye.

Ila ya tarar da tsoho Gajere a zaure, idanu sun tafi, yana murza igiya. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya yi masa bayani tiryan-tiryan. Tsoho ya ajiye igiyar.

"Ɗana, da hannuna na sa shi a rami. Kai ka riƙe ƙafafun."

"Haka ne, Baba."

"Ka ce in ba ka gona, in ba ka. Amma in dafa Alƙur'ani in ce yana raye, ba zan iya ba."

Ila ya ce ba komai. Ya tambaye shi ciwon gwiwa, ya ce gobe zai kawo masa magani, ya tashi.

Majo Amadu ya yi ta faɗa, ya rubuta wasiƙa biyu, ba amsa. Kwana ashirin suka cika. Da damina ta wuce shi ma aka mai da shi kudu, aka turo wani saurayi sabon fita, mai farar riga da ninkinta. Ranar farko aka kawo wata jaririya da zawo ya tsotse, saurayin ya soka sau uku bai sami jijiya ba. Ya ɗago kai.

"Baba, wa ake ce maka?"

"Ila."

Ya wanke hannu, ya karɓi allurar.