Murafan Iya Lantana

"Iya, sunan unguwar kawai nika so. In na sauka Madarumfa, wa zan ce a kai ni gidanshi?"

Salmatu ce ke maganar, tana durƙushe a bakin gado da kofin kunu a hannu. Iya Lantana ba ta ko kalli kunun ba. Ta ɗaga hannun nan nata da ya koma kamar kara, ta nuna bango.

"Zuwaira, sauko man da na farko."

Ni ce Zuwaira. Katanga ɗaya ta raba gidanmu da gidan Maɗugu a Jibiya, ita ma rabinta ya zube tun shekarar ambaliya, don haka tsallakowa nake yi, ba na wahalar zagayawa ta zaure. Tare muka tashi da Salmatu. Uwarta ta rasu wajen haihuwarta, Iya Lantana, matar wan ubanta, ita ta goya ta har ta kai ta ɗakin miji a wani ƙauye bayan Kusa. A ƙauyen ne 'yan bindiga suka harbe mijin a gona, garin ya watse, Salmatu ta dawo da yara uku da buhu ɗaya na tsummokara.

Ta dawo ta tarar babu wuri. Ɗakin da ubanta ya bari ruwan ambaliya ya cinye. Ɗakin Iya kuwa, Yusha'u, wanda ke riƙe da gidan yanzu, ya riga ya yi wa ɗansa Abdulfatah alkawarinsa, amarya za ta tare bayan Sallah. Bai ce Salmatu ta tafi ba, Yusha'u ba ya faɗin magana kai tsaye. Cewa ya yi, "In kin fita takaba sai a san abin yi." Saura kwana tara ta fita. Ta ɗaure kayanta ta ajiye bayan ƙofa, ta ce za ta bi ɗan kabukabu ta daji, tunda boda a rufe take, ta tafi wajen Kawu Kalilu, ƙanen uwarta.

Ba wanda bai san Kawu Kalilu ba a layinmu, ko da yake ba wanda ya taɓa ganinsa. Kowace Sallah saƙonsa na zuwa: dabino, da cuku busasshe irin na Buzaye, wata shekarar har da takalmi. Iya takan kira Salmatu a tsakar gida ta ce da ƙarfi, "Zo ki amshi saƙon kawunki na Faransa." Haka tsofaffinmu ke kiran Nijar. Ni da nake da kawunai huɗu da ba su taɓa ba ni ko alewa ba, na yi hassadar yarinyar nan, ba zan ɓoye ba. Iya kaɗai ta san inda yake, ga shi kuma Iya na kwance, likita ya ce a maido ta gida.

Na hau kujera na sauko da na farkon. Wani tsohon faifai ne da hayaƙi ya maida baƙi.

Murafai goma sha ɗaya ne a jere a bangon. Iya ce ke wanke matan gidan idan sun rasu, ta gaji aikin daga surukarta. Idan dangin mamaciya suka zo kwashe kayan ɗakinta bayan sadakar bakwai, sai ta roƙi murfi ɗaya ta rataye. A gidan Maɗugu kowane yaro zai jero maka kakanninsa maza har shida ba tuntuɓe, amma matan da suka haife su ba a san sunansu ba. Da garin da aka ɗauko mace ake kiranta har ta mutu: Ta Kusa, Ta Magama, Ta Zandam. Ita kanta Iya, tsofaffin gidan Ta Riko suke ce mata.

"Wagga Ta Kusa ce," in ji Iya, tana shafa faifan. "Zaituna sunanta, ɗiyar Ɗan Baƙo mai ƙira. Ita ce uwar gidan ga duka. Ta haihu tara, ta binne bakwai. Maɗugu na tahiya fatauci shekara biyu, ita ka noma gonar. Ban gan ta ba, surukata ta ba ni."

"Iya, Allah ya jiƙanta," Salmatu ta ce. "Maganar Kawu hwa?"

"Ba a fara ƙirga daga tsakiya. Zuwaira, na biyu."

A ranar, murafai uku muka yi. Ta Magama, Mariyamu, mai murfin tasa, wadda ta makance tana da shekara talatin amma ta ci gaba da kaɗi har ta aurar da 'ya'yanta da kuɗin zare. Ta Zandam, wadda mijinta ya tafi Makka a ƙasa bai dawo ba, ta zauna jiransa shekara ashirin da ɗaya a ɗakin da yanzu ake ɗaure awaki. Daga nan numfashin Iya ya yi sama, muka kwantar da ita.

Washegari da hantsi Yusha'u ya shigo gaisuwa. Ya tsuguna ya ce, "Ya jiki, Iya?" amma idonsa na kan silin, yana duba inda yake yoyo. Na bi shi da harara har ya fita. Ina ganin bai ma san na yi ba.

A ranar mun yi huɗu, daga murfin langa zuwa na samira. Muryar Iya ta ragu, sai ka kai kunne. Duk da haka ba ta tsallake komai: sunan mace, sunan ubanta, abin da ta iya, abin da ya kashe ta. Salmatu na zaune ta haɗa kai da gwiwa, tana ƙirga abin da ya rage a bango. Na uwarta shi ne na takwas, kuma shi ba murfi ba ne, sakaina ce mai ɗinki a gefe. Tun muna yara Iya ta ce mana dangin uwar Salmatu sun kwashe komai, 'yan Faransa ba sa barin ko allura.

Da Salmatu ta fita ba yara abinci, na matsa kusa da gadon. Bakina ba shi da linzami, kowa ya sani.

"Iya, ki ji tsoron Allah. Yarinyar ga ba ta da inda za ta sa kai. Matattu sun jira shekara hamsin, za su iya ƙara kwana ɗaya. Ki hwaɗa mata unguwar."

Ta buɗe ido ta dube ni. Ban taɓa ganin tsoro a fuskar Iya Lantana ba sai ranar, matar da ke shiga ɗakin gawa ita kaɗai. Ta juya fuskarta bango.

Rana ta uku bayan azahar, zafi ya yi zafi, ina yi wa Iya fifita. Ta ce in miƙo na gaba. Na kai hannu ga sakainar, ta ce, "A'a, na gabanshi."

"Kin ce ba a tsallake," in ji Salmatu. Ta tashi da kanta ta ciro sakainar, ta sa a hannun Iya, ta rufe yatsunta a kai.

Iya ta riƙe sakainar a ƙirjinta. A waje ana jin mashina suna wucewa da jarkoki.

"Ta Faransa," ta ce. "Khadijatul Kubra sunanta. Sunan uba ban sani ba, ba ta taɓa hwaɗi ba. Shekarar yunwa ta zo, lokacin da mutanen arewa sunka yi ta kwararowa da ƙahwa. Ni na tsince ta bakin kasuwar Magama, tana zaune da ƙwarya ɗaya. Ta ce su bakwai sunka baro garinsu, can gaba da Dakwaro. Ita kaɗai ta iso."

Salmatu ba ta motsa ba.

"Na kawo ta gida. Ta yi shekara tana man daka, ta yi ƙiba, ta yi kyau. Ummaru ubanki ya ce yana so, anka ɗaura. Tana da murya, in tana niƙa har maƙwabta ka saurare. Da ta rasu na wanke ta, munka yi uku, munka yi bakwai, ba wanda ya zo. Babu mai zuwa. Ƙwaryar ce kayanta, ita ma ta hwashe."

"Kawu Kalilu hwa?"

"Kina shekara biyar kin shigo kina kuka, yara sun yi maki gori, sun ce uwarki tsintacciya ce, ba ki da dangin uwa. Na ce ƙarya suke, kina da kawu. Kin ce mi sunanshi. Wani mai rake ne ka wucewa ƙohwar gida, sunanshi Kalilu."

Fifitar ta tsaya a hannuna.

"Wa ka sayo cukun?" Muryar Salmatu ba ta tashi ba.

"Ni. Magama, kowane jajibiri."

"Zanen da ya aiko da zan yi aure?"

"Ni."

"Takardar da ya ce ƙahwa ta hana shi zuwa biki?"

"Na sa Malam Yahya ya rubuta, Allah ya jiƙanshi, bai so ba." Iya ta laluba tana neman hannun Salmatu. "Na ce in kin girma in hwaɗa maki. Kin girma, na ga kina alfahari da shi, na kasa. Ban san za ki buƙace shi ba, ɗiyata. Ki yahe man."

Salmatu ta dubi ƙunshin kayanta da ke bayan ƙofa. Ta zare hannunta a hankali, ta tashi ta fita. Na ji ta wuce ta bayan ɗaki inda katangar ta zube, ta shiga gidanmu.

Na zauna da Iya. Ta tambaye ni sau biyu ko Salmatu ta dawo, na ce tana tafe. Ta so ta ci gaba da na tara, ta ce "Ta Gurbi," amma sunan bai fito ba. Ana kiran la'asar na ga leɓɓanta sun daina motsi. Na yi mata kalmar shahada a kunne, na rufe mata ido, na cire sakainar daga hannunta da ƙyar. Matan nan uku na ƙarshe, ko a cikin gidan an rasa wanda ya tuna sunayensu na yanka.

Ni da Salmatu muka wanke ta, don babu wata a gidan da ta iya. Ina zuba ruwa tana cuɗawa. Sai da muka zo kan kai, tana warware 'yar furfurar da ta rage, na ji ta ce, "Na yahe, Iya. Na yahe maki." Ta faɗa ya fi sau goma. Na yi kuka a wurin, kuma har yau ina jin haushin kaina da ban tsallaka katangar nan na jawo ta ba tun da sauran numfashi.

Aka yi uku, aka yi bakwai. Daga Riko ba wanda ya zo, hanya ba ta biyuwa, mutanen Iya ma sun watse, wasu na Katsina wasu na kwana a makaranta. Ba wanda za a roƙa, sai Salmatu ta ɗauki murfin langar da Iya ke cin tuwo ta rataye a ƙarshen layi. Kwana biyu kawai ya yi a wurin. Ranar da ta fita takaba Yusha'u ya aiko cewa mai fenti na zuwa da safe. Na share ɗakin da nake ajiye itace na ce su zauna kafin Allah ya kawo mafita, ko da yake ni ma gidan na yayyena ne, kuma sun fara magana.

Muna cire murafan muna sa wa a buhu, matan gidan na tsakar gida suna shawarar kayan Ta Daddara, amaryar da ba ta ma iso ba. Zulfa, babbar 'yar Salmatu, ta shigo da ƙannenta biyu, ta tsaya kan ƙunshin kayan.

"Inna, yaushe za mu tahi wurin Kawu?"

Salmatu na kan kujera, ta ba su baya. Ta ciro sakainar, ta share ƙurarta da bakin zane.

"Kawu ya rasu," ta ce. "Ku yi mashi addu'a. Mutumin kirki ne, bai taɓa mantawa da ni ba."

Yaran suka zauna a ƙasa suka ɗaga hannuwa, Zulfa na ja musu Fatiha. A bayansu bangon ya rage fayau, hayaƙin shekaru ya baƙanta shi, sai da'irori farare a jere inda murafan suka zauna, ɗaya a cikinsu mai karyayyen gefe. Wurin na Iya kuwa ƙusa ce kawai, bai daɗe ba balle ya bar alama.