Jan Zare a Wuyan Kwalba

Dokar ɗakin gwajin ɗaya ce: kwalbar jini ba ta da suna, sai lamba. Mai dubawa ba ya sanin dabbar wa ke hannunsa, don kar zuciya ta sa masa baki a aiki. Likita da kanta ta kafa dokar, kuma wallahi ba ta ɗaga wa kowa ƙafa a kanta.

Sai ga cutar ɓarin awaki ta shigo unguwarsu, irin mai kama har mai shan nonon. Duk akuyar da aka samu da ita, kashewa ake yi a binne. Aka ɗebi jinin awaki arba'in, ciki har da 'Yar Gata, akuyar da marigayiya mahaifiyar Likita ta bari. Baba kuwa, mahaifin Likita, tun rasuwar matarsa da akuyar nan yake hira, har faɗa suke yi.

Da safe Likita ta buɗe akwatin sanyi. Kwalba ɗaya da jan zare a wuya! Ƙullin Baba ne, irin wanda yake yi wa bakin buhu. Kai, tsohon nan! Yaushe ya lallaɓi masu ɗibar jinin? Ta yi maza ta kau da kai kafin idonta ya kai kan lambar.

Mai Tabarau, tsohon ma'aikacin ɗakin, ya leƙo ta saman gilashinsa.

"Yau hankalinki ba ya nan, ranki ya daɗe. Je ki sha ruwa, kar ki fasa mana kaya."

Da ta dawo, kwalba arba'in reras, kowacce da jan zarenta, ƙulli iri ɗaya. Bakin jar hularsa kuwa duk ya warware.

"Ni ma na ɗaure buhu a zamanina," in ji shi. "Bismillah, aiki."

Uku suka nuna cutar. Ta maimaita gwajin, ukun dai. Sannan suka buɗe takardar sunaye. Ta biyu cikin ukun 'Yar Gata ce.

Da la'asar ta tarar da Baba a kan benci, akuyar ta ɗora kai a gwiwarsa tana taunar gefen rigarsa. Tausayinsa ya kama Likita.

"Baba, me ya sa ka ɗaura zare? Ka san ba zan canja sakamako ba."

"Ke ki canja? Ke da ko gishiri sai kin auna? Halin uwarki sak." Ya shafa kunnen akuyar. "Tun ranar da ta yi ɓari na sani. Na ɗaura ne don ki gane ta, ki zo da ƙafarki. Ranar da uwarki ta rasu, baƙo ne ya fito ya faɗa mini a tsaye."

Likita ta zauna kusa da shi, ta faɗa masa a hankali. Sai da ta gama, sannan ya miƙa mata igiyar akuyar.